Wace kalma za mu ba "over" na wasan kurket? Hujja daga Kofin Duniya na 1975

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Duk wanda ya yi niyyar rubuta tarihin gasar kurket ta yini guda da Hausa, kalmar farko da za ta tare masa hanya ita ce "over", domin da ita ake auna tsawon wasan, kuma a kanta aka gina wannan salon wasa tun asali. Ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar da kalma ɗaya, musamman tunda matasan Najeriya sun fara zuwa gasannin duniya na 'yan ƙasa da shekara 19, maza a Afirka ta Kudu a 2020, mata kuma a Malesiya a 2025. Shawarata ita ce mu ce "zubi", kuma da tarihin gasar farko zan kare ta.

Ma'anar abin ita ce: mai jifa ɗaya yana jefa ƙwallo sau shida a jere daga gefe ɗaya na fili zuwa ga mai bugu, sannan alƙali ya sanar da cewa an kammala, wani mai jifan ya karɓa daga ɗaya gefen. Jifan da ya saɓa ƙa'ida ba ya shiga lissafi, sai an maimaita shi. A tsohon salon wasa na kwana biyar ba a iyakance adadin wannan jeri ba, amma a salon yini guda kowane ɓangare yana da rabonsa, idan ya ƙare ya ƙare.

Gasar Kofin Duniya ta maza ta farko an yi ta a Ingila daga 7 zuwa 21 ga Yuni, 1975, shekara biyu bayan mata sun yi tasu a wannan ƙasa. Tawaga takwas suka shiga: Ingila, Ostareliya, Indiya, Pakistan, New Zealand, Sri Lanka, West Indies wadda ke haɗa 'yan wasan ƙasashen Karebiyan, da kuma tawagar Gabashin Afirka da aka tattaro daga Kenya, Uganda, Tanzaniya da Zambiya. Kowane ɓangare an ba shi zubi 60, kuma ba a yarda mai jifa ɗaya ya wuce zubi 12 ba. Na yi amfani da kalmar a nan da gangan domin ku ji yadda take zama a cikin jimla.

Wasan buɗe gasar, wanda aka yi a filin Lord's na Landan, shi ne ya fi nuna dalilin da ya sa kalmarmu take bukatar ɗaukar ma'anar rabo ƙayyadadde. Ingila ta tara maki 334, Dennis Amiss shi kaɗai ya kawo 137. Da Indiya ta karɓi bugu, sai Sunil Gavaskar, gwanin da babu mai musun ƙwarewarsa a wasan kwana biyar, ya tsaya tun daga zubin farko har na sittin ba a fitar da shi ba, wato masu jifa ba su iya kawo ƙarshen bugunsa ba, amma maki 36 kawai ya samu daga jifa 174, tawagarsa kuma ta tsaya a 132. A tsohon salo wannan haƙuri abin yabo ne, domin wanda bai faɗi ba yana iya tilasta kunnen doki. A sabon salo kuwa kowane zubi da ya wuce ba tare da maki ba asara ce da ba ta dawowa. Wannan ita ce hikimar da nake gani a "zubi" kamar yadda muka san shi a adashi: abu ne mai adadi sananne, yana zuwa bi da bi, kowa ya san nawa aka yi da nawa suka rage.

Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar mu ce "shida" kawai, ko "jifa shida", tunda adadin ke nan. Ina girmama wannan ra'ayi saboda sauƙinsa, sai dai tarihi bai goyi bayansa ba. Wasan yini guda na farko tsakanin ƙasa da ƙasa an yi shi ne a Melbourne ranar 5 ga Janairu, 1971, bayan ruwan sama ya ɓata wasan kwana biyar tsakanin Ostareliya da Ingila, aka shirya shi domin kada 'yan kallo su tashi a banza. A wannan wasa zubi 40 aka ba kowane ɓangare, kuma jifa takwas ne a kowane zubi, domin haka al'adar Ostareliya take a lokacin. Marubucin da ya ɗaure kalmar da lamba shida zai rasa yadda zai ba da labarin wannan rana. Ban da haka, "shida" tana da wani aiki a kurket, wato makin da mai bugu yake samu idan ya ɗaga ƙwallo ta haye iyakar fili ba ta taɓa ƙasa ba, kuma haɗa ma'ana biyu a kalma ɗaya zai rikita mai sauraron rediyo.

"Zagaye" ma an ambace ta, amma masu labarin wasanni sun riga sun ba ta aikin matakan gasa, kamar zagayen kusa da na ƙarshe. A zagayen kusa da na ƙarshen ne a 1975 Gary Gilmour na Ostareliya ya fitar da 'yan Ingila shida a filin Headingley na Leeds, maki 14 kacal aka ci a kansa cikin zubi 12. Ku gwada sa "zagaye" a gurbi biyun nan ku ji yadda jimlar take cin karo da kanta.

Akwai kuma batun sunan salon wasan gaba ɗaya, inda nake roƙon mu riƙa cewa "yini guda" maimakon "kwana ɗaya". Hausa ta bambanta yini da kwana, kuma gasar 1975 da hasken rana aka yi ta, da jar ƙwallo da fararen kaya, babu fitilun fili. Wasan ƙarshe ya faɗo ranar 21 ga Yuni, lokacin da yini ya fi tsawo a Ingila, kuma an bukaci tsawon nasa. West Indies ta tara 291, kyaftin ɗinta Clive Lloyd ya ci 102 daga jifa 85, Ostareliya ta biyo har 274 kafin a fitar da mutanenta duka, biyar daga cikinsu an fitar da su ne a tsakiyar gudun neman maki, uku da hannun Viv Richards na West Indies. An tashi kusan ƙarfe tara saura kwata na yamma, West Indies ta ɗauki kofi da ratar maki 17. Da gasar ta koma Indiya da Pakistan a 1987, inda yini bai kai haka tsawo ba, sai aka rage rabon zuwa zubi 50, kuma a kansa aka tsaya har yau.

Na san za a ce yanzu ana yin wasannin da dare a ƙarƙashin fitila, wani lokaci ma ruwa yakan tura wasa zuwa washegari, kamar yadda ya faru tsakanin Indiya da New Zealand a Manchester a 2019. Gaskiya ne, shi ya sa a rubutu na ilimi nake ganin "kurket mai ƙayyadadden zubi" ya fi cika ma'ana, a bar "na yini guda" a matsayin sunan da aka saba. Abin da ya rage shi ne kalmar "innings", wato lokacin da ɓangare ɗaya yake riƙe da bugu har rabonsa ya ƙare ko a fitar da mutum goma. Zuciyata ta karkata ga "turmi" na 'yan dambe, kuma ina son jin ra'ayin malamanmu na sashen Hausa da ma'aikatan gidajen rediyo a kanta kafin mu shigar da ita tare da "zubi".