Fasa kankaren rafi: gyara ne ko gayyato ambaliya?

Injiniya Bala: Rafin da ya ratsa wurin shaƙatawa, in dai an riga an ɗaure shi da kankare, a bar shi haka. Kankare santsi gare shi, ruwa ya zo ya wuce. Ku fasa, ku zuba duwatsu da ciyayi, gudu ya ragu, ruwa ya tumbatsa.

Hajiya Rabi: Injiniya, ruwan da ya wuce a guje ina ya nufa? Kan mutanen gangare. Kuma ba fasawa ake yi a tafi ba. Ana kwantar da gaɓa, taku uku a kwance ga kowane taku ɗaya na tsayi, a buɗe wa rafin fadamar da zai baje in ya cika. Haka aka yi wa kogin Kallang a wurin shaƙatawa na Bishan da ke ƙasar Singafo. Magudanar kankare mai kilomita 2.7 ta koma kogi mai lanƙwasa, aka buɗe a 2012.

Injiniya Bala: Su fili gare su, Hajiya. Inda gine-gine suka matse gaɓa biyu fa?

Malam Sabo: Nan kam yana da gaskiya, ba fili ba fadama. Amma ni ƙasan rafin ne ya fi damuna. In aka cire kankare aka bar wurin da ruwa ke faɗowa, zai yi ta haƙa yana cin baya har ya kwashe gindin gada. Maganinsa a jera manyan duwatsu daga gaɓa zuwa gaɓa, a binne su da zurfi, ƙarshensu ya shige cikin gaɓar, in ba haka ba ruwa ya kewaye su. Sannan a yi shimfiɗar tsakuwa bayan kowace tazarar faɗin rafin sau 5 zuwa 7, da gurbi mai zurfi a tsakani. Kan tsakuwa ruwa ke shan iska, ƙwarin ruwa su hayayyafa, kifi kuma ya fake a gurbi.

Hajiya Rabi: Gaɓar ma ba a barinta tsirara. A shimfiɗa tabarmar zaren kwakwa, a soka ɗanyun rassan itacen bakin ruwa masu saurin yin saiwa, kashi biyu cikin uku na tsawon kowane reshe a cikin ƙasa. Kafin tabarmar ta ruɓe saiwa ta kama. Inuwar kuma ta sanyaya ruwa, ruwan sanyi ya fi riƙe oksijin.

Injiniya Bala: To, bututun da ke kwaso ruwan sama daga titunan kwalta da rufin gidaje fa? Ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa ya share tsakuwarku.

Malam Sabo: Shi ya sa daga bakin bututun ake fara aiki, Injiniya. A haƙa masa tafki, ruwan ya tsaya, laka ta kwanta, sannan ya tsiyaya cikin rafi a hankali.

Injiniya Bala: Sai a rubuta tun yanzu wanda zai riƙa yashe tafkin.