Tsatsa ta cinye gizagon kakanmu, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Kakanmu masassaƙi ne, turame da akusa yake yi. Da Baba ya rasu bara, sai gizagonsa ya dawo hannuna, gara ta cinye ƙotar, tsatsa kuma ta rufe ruwan.

Na jiƙa shi cikin kananzir kwana 3, na goge da toka da lemon tsami. Jar tsatsar ta fita, amma akwai ƙananan ramuka a bakinsa, ko na wasa ba ya kama ice. Wani maƙeri ya ce sai an mayar da shi wuta, ni kuwa tsoro nake kada ƙarfen ya yi laushi, ko shaidar da Kaka ya buga ta goge.

Don Allah maƙera da masassaƙa, akwai wata dabara ba wuta? Sannan ƙota, ƙirya ko marke?