Yashi-yashi a hoton dare da duhun kusurwa: kowa ya faɗi yadda ya fita

Ɗan Tudun Wada

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu ɗaukar hoto. Kuka na kawo, kuma ina roƙon duk wanda irin wannan ta taɓa faɗa masa ya gaya mana yadda ya yi.

Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki kamun amarya a wani gida cikin birnin Zariya, can bayan Ƙofar Doka. An ce ƙarfe huɗu, amarya ba ta fito ba sai bayan magariba. Tsakar gida ce, ƙwan fitila biyu kacal, ɗaya ma a bakin madafa yake. Kyamarata Canon 600D ce, da lens ɗin 18-55 da ta zo da shi. Tun ina yaron shago maigidana ya sa min tsoron ISO, wato lambar da ake ɗagawa a kyamara in haske ya yi ƙaranci, ya ce duk wanda ya wuce 800 ya ɓata aikinsa. Sai na kafe a 800, ina kallo hotuna suna fitowa da duhu, ina cewa a raina ai zan ɗaga su a kwamfuta. Da na ɗaga, sai ga fuskar amarya kamar an watsa mata yashin Kubanni, ƙarƙashin mayafinta duk ɗigo-ɗigo ja da kore. Kusurwoyin hoton kuma sun yi duhu, ƙawar amarya da ke can gefe sai ka rantse ba da ita aka yi bikin ba. Uwar amarya ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi "to, Allah ya yi albarka", da irin muryar nan da kowa ya sani. Akwai wani bikin a gidan bayan sati biyu, sun ce in zo, ina jin don kunyar mahaifiyata ne.

Tsohon Studiyo, Sabon Gari

Wa alaikumus salam. Ɗana, maigidanka bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya ba ka. Yashin nan ƙarancin haske ne ke kawo shi. Sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, ƙirga hasken da ya faɗo mata take yi. In kaɗan ne ya shigo, wannan ɗigo ya samu, na kusa da shi bai samu kamarsa ba, shi ne kake ganin tsakuwa-tsakuwa. ISO kuwa ƙara murya ce, kamar ka murɗa rediyo alhali tasha tana nesa: magana za ta ƙaru, shuuu ɗin ma zai ƙaru.

Ni ma na yi wannan taurin kan lokacin da na bar fim na koma dijital. Da fim, in ka sa mai 400 ka ɗaure ke nan sai ka cinye hoto 36 ɗinka, shi ya sa hannunmu bai saba taɓa ISO ba. Abin da ya warkar da ni, wani dare cikin watan Maulidi na tsaya gaban mai shayin layinmu na ɗauki hoto biyu, ban canza komai ba sai ISO. Na 800 ya fito da duhu, na 3200 ya fito daidai. Na ɗaga na 800 ɗin a kwamfuta har ya kamo ɗan uwansa, na jera su. Na 3200 ya fi tsabta nesa ba kusa ba, musamman a baƙar butar shayi da inuwar ƙarƙashin tebur. Kyamarorin wancan zamani, irin taka, in za a ƙara murya gara a ƙara a cikinsu tun hoto bai sauka kan kati ba. Taka tana kaiwa 6400. Kada ka ji tsoron 1600, kai har 3200, in dai hoton zai fito da haskensa. Ka riƙa leƙa ɗan tudun nan na histogiram, mai nuna yawan haske da duhun hoto a allon kyamara, in ka ga duk ya taru a hagu to kana tara wa kanka aikin dare.

'Yar Samaru

Baba ya gama da ISO, ni ta wajen lens zan ɓullo. Aikina kusan duk cikin ɗaki ne, lalle, kamu, buɗar kai, suna, wuraren da maza ba sa shiga. Na yi shekara guda ina fama da 18-55 kafin na gane cewa da zarar na ja shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. Ranar da na sayi lens 50 mai buɗewa har f/1.8 na ji kamar an cire min baƙin tabarau. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 haske ninki goma ne ko kusa da haka, wato inda da sai na hau 6400, yanzu wajen 640 ya ishe ni.

Amma kada ka yi ɗokin da na yi. Satin farko komai a f/1.8 nake ɗauka. 'Yan matan amarya shida suka jera sahu biyu cikin anko, da na duba a gida sai ta gaba ce kaɗai idonta ya fito, sauran biyar kamar ana hango su cikin hazo. Ga duhun kusurwa da kake kuka da shi, ya fi tsanani a buɗe gaba ɗaya. Ga kuma wani shunayya-shunayya da ke kewaye duwatsun leshi da sarƙar gwal duk inda fitila ta haska su. Yanzu mutum ɗaya ko biyu f/2.8 nake sawa, kusurwa ta washe, shunayyar ta ragu sosai. In taro ne f/4, in ɗora filashi in juya kansa ya kalli silin, haske ya sauko a hankali. Ka tuna dai da filashi kada saurin ƙiftawa ya wuce 1/200 a irin kyamararka. Kuma ka ɗaga kai ka kalli silin ɗin tukuna. Wani gida a Hanwa silin na katako ne mai ruwan ƙasa, kowa ya fito kamar an shafa masa manja.

Abu ɗaya da ba a gaya min ba: a ƙananan kyamarori irin namu 50 yana zama kamar 80. Ɗakin amarya da gado da kabad da jeren kwanuka, sau da yawa rabin jikina a waje yake, ina ɗauka daga bakin ƙofa.

Mai Nikon, Kongo

Ɗan Tudun Wada, nawa kuskuren kishiyar naka ne. Da yashi ya dame ni sai na shiga menu, wurin da aka rubuta High ISO NR, wato rage yashi, na kai shi ƙarshe. A ɗan allon bayan kyamara abin gwanin sha'awa, ko ɗigo babu. Na ɗauki ɗaurin aure da walimar dare, aka wanke hoton uban ango babba don a rataya a falo. Babbar riga ce ya sa mai aikin hannu, aska takwas, irin wadda ake wata da watanni ana ɗinkawa. A hoton sai aikin ya zama kamar an zuba koko a ƙirjinsa, zare ko ɗaya ba ka gani. Gemunsa ma ya haɗe ya zama faci ɗaya. Kyamara ba ta san bambancin yashi da zare ba, duk abin da ya yi ƙanana sharewa take yi. Alhajin ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Yaro, ina rigar tawa?"

Tun ranar na mayar da shi Low. Sannan da dare ina kashe Active D-Lighting, wanda ku 'yan Canon naku ake kira Auto Lighting Optimizer, domin aikinsa ɗaga inuwa ne, kuma a inuwar yashin yake kwance.

Ɗan PZ

Ni fa ban yarda da ku duka ba. Amare santsi suke so. Ban taɓa ganin wadda ta ce a bar mata ramukan fuska ba. Nawa yana kan High kuma ba wanda ya taɓa dawo min da aiki.

'Yar Samaru

Yaya, santsin fuska daban, narkewar leshi daban. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ka gyara fatar kaɗai a kwamfuta, ka bar mata kayanta. Kuɗin leshin nan ya fi kuɗin aikinka da nawa a haɗe.

Mahayin Daushe

Ku kuna ta dare, ni da rana tsaka abin ya same ni. Tun zamanin marigayi Sarki Shehu Idris nake ɗaukar hawa, kuma ba abin da ke tona asirin lens kamar farin rawani a gaban sararin sama. Ka duba gefen rawanin, ko bakin mashi, ko kwalliyar azurfa a goshin doki, za ka ga wani siririn layi, shunayya ta wannan gefe, kore ta wancan. Gilashi ne ba ya tara launuka a wuri ɗaya. Da dogon lens ɗina 70-300 in na buɗe shi duka a 300 abin ya fi fitowa. Maganina f/8, kuma tun da rana ce haske ba ya yankewa: ISO 400, ƙiftawa 1/1000 don lokacin jafi, doki a guje ba ya jiran kowa. Wanda kyamararsa ke da gyaran launin gefe a menu ya kunna, yana taimakawa. Ɗan Tudun Wada, taka ba ta da shi, daga 650D aka fara sawa a wannan jerin, sai dai ka yi a kwamfuta.

Wata shekara na ce bari in ƙure, na sa f/22 wai don komai ya fito tun daga ƙofar fada har ƙarshen fili. Abu biyu na samu. Hoton bai kai na f/8 kaifi ba, domin in ƙofa ta yi ƙanƙanta da yawa haske watsuwa yake yi. Sannan sama duk tabo-tabo, wuri ɗaya a kowane hoto. Ƙura ce a kan sensa, ni na jawo wa kaina da na canza lens a tsakiyar fili dawaki suna tayar da ƙasa. Yanzu da lens ɗin da na fito gida da shi nake komawa. Da hunturu ma haka, in dole ne sai na canza, cikin mota nake shiga, in kifa bakin kyamara ƙasa.

Ɗalibin Zanen Gini

Malamai, a yi min afuwa, ni ba ɗan sana'a ba ne, gine-gine nake ɗauka don karatu. In na sa lens a 18, bango yana yin ciki kamar randa, layin da ke gefen hoto ya lanƙwashe. Na ja baya na koma wajen 30, ya miƙe. Amma na daɗe ina zargin lens a kan abin da ba laifinsa ba: in na tsaya gindin ginin Sanet na jami'ar ABU a Samaru na ɗaga kyamara sama, sai ginin ya tsuke ta kai kamar zai faɗi baya. Wannan daga ɗagawar ne, sai dai ka yi nisa ka riƙe kyamara a miƙe.

Abin da ya fi ruɗa ni, na kunna gyare-gyaren nan a kyamara, na buɗe RAW a wata manhaja sai na ga babu ko ɗaya. Ashe a JPEG, wato hoton da kyamara ta gama gyarawa, suke zama. RAW sai ka buɗe shi da manhajar kamfanin, Digital Photo Professional ga Canon, NX Studio ga Nikon, duka kyauta ne, ko ka kunna bayanin lens ɗinka a Lightroom.

Na kuma gwada hoton dare a gindin Kufena cikin bazara, a kan mai ƙafa uku, daƙiƙa 30. Sai ga taurari ja da shuɗi har a jikin dutse. Zafin sensa ne. Na kunna Long Exposure NR, suka ɓace, sai dai duk hoto ɗaya kyamara tana ƙara wasu daƙiƙa 30 tana ɗaukar duhu zalla don ta cire su. Karon farko na zaci ta lalace, har na zare batir.

Ɗan PZ

Tun da ana tonon asiri, wata uku ina ganin korayen ƙwallaye suna yawo kusa da fitilun wajen dina. Ashe ɗan gilashin kariya ne mai araha da na ɗaura a bakin lens. Na kwance shi, shi ke nan. Maganar High kuma ina nan a kan bakana.

Tsohon Studiyo, Sabon Gari

Ɗana, na manta da kusurwar. Akwai Peripheral illumination correction a menu ɗinka, da rana ka bar shi a kunne. Amma ka san abin da yake yi, ɗaga hasken kusurwa ne, irin ɗagawar da ka yi wa amarya a kwamfuta. A 3200 duhun zai ragu, yashi ya taru a wurin. Ni da dare nakan ɗan rufe ƙofa, in kuma matso da mutane tsakiya in bar wa bango kusurwar. Kuma ka tafi da ƙwan fitila mai haske guda biyu da doguwar waya a jakarka. Ba gidan da za ka ce "Hajiya, a ba ni izini in ƙara wa amarya haske" a hana ka.

Ɗan Tudun Wada

Na dawo da labari. Na ari 50 wajen wani abokina, na tafi da ƙwai biyu kamar yadda Baba ya ce, ƙanin amarya ya hau kujera ya rataya min ɗaya a igiyar shanya. ISO 1600, f/2.8, ƙiftawa 1/125, RAW da JPEG tare, rage yashi a Low. Akwai ɗan yashi in ka zuƙo hoton sosai, amma zanen lallen hannunta har ƙananan ganyayyakin sun fito. Hajiya ta zaɓi guda uku a wanke manya, ta sa aka zubo min dambu a leda. Shunayyar nan ta ɗan leƙo a 'yan kunne, Anti 'Yar Samaru, zan turo miki ki nuna min inda ake cire ta.

Sai dai washegari da hantsi na tafi suna a Gyallesu, ban duba komai ba na hau ɗauka. Hoto goma sha ɗaya na farko fari fat, har da na yankan rago. Baba, don Allah kada ka ce komai.