Wane mawallafin kiɗan Turai na zamani zan fara nuna wa yara?

Malama Mai Alli:
Salamu alaikum malamai. Ɗalibaina 'yan shekara 10 zuwa 13 ne, sun san sunayen Mozart da Beethoven, ina so su ji kiɗan wanda ya rubuta a zamaninmu. Ba mu da fiyano, sai allo da 'yar sifika. Da wa zan fara?

Baban Kalangu:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da Steve Reich, Ba'amurke, haifaffen 1936. A 1972 ya rubuta Clapping Music, kiɗan mutum biyu da tafi kawai.

Ginin gurbi 12 ne: tafi uku, shiru, tafi biyu, shiru, tafi ɗaya, shiru, tafi biyu, shiru. Tafi 8, shiru 4. Ki jera marafan kwalba 12 a kan tebur, 8 a buɗe, 4 a kife, kowane kifaffe shi ne shiru. Sati na farko kowa ya yi wannan layin tare, a hankali, har ya zauna musu. Sati na biyu ki raba ajin gida biyu. Gida na ɗaya ba ya canjawa har a gama. Gida na biyu, bayan maimaici 8, ki ɗauke marfin farko ki mayar ƙarshen layi, su fara daga wanda ke biye. Sau 12 aka yi haka, gidajen biyu za su sake haɗuwa cif. Kada ki nemi a kai ƙarshe da wuri. Juyi uku a darasi ɗaya ya isa.

Malam Sarewa:
Baba ya faɗi daidai, sai dai akwai wurare biyu da abin ke rushewa. Na farko shirun. Yaro yana jin gurbin shiru kamar ba komai, sai ya gutsure shi, nan da nan gudu ya ƙaru. Maganinsa a ba shirun motsi: a kowane kifaffen marfi su buɗe hannuwa a iska, ko su gyaɗa kai. Na biyu, gida na ɗaya kan bi gida na biyu ba su sani ba, domin kunne yana bin abin da ya canja. Ki sa yaranki mafi nutsuwa a gida na ɗaya, masu rawar kai a na biyu. Da farko gida ɗaya su buga cinya, ɗayan su yi tafi, don kowa ya ji nasa. In sun ƙware sai a koma tafi iri ɗaya, haka Reich ya so, sautin biyu ya narke ya zama guda.

Hajiya Ta Kumasi:
Ki kuma gaya musu cewa a 1970 Reich ya zo Jami'ar Gana ya koyi kiɗan gangunan ƙabilar Ewe, zazzaɓin cizon sauro ya katse masa zaman bayan mako biyar. Layin tafin nan ɗan'uwan bugun ƙararrawarsu ne, amma kada a ce wa yara kiɗan Ewe ne, nasa tsarin ya yi. Wajen saurare, ki bari sai sun yi da hannunsu tukuna. Sannan ki kunna musu minti huɗu na farkon Music for 18 Musicians, wani kiɗan Reich na 1976. Duka kusan awa guda ne, ba za su jure ba. Ki ce su ɗaga hannu duk lokacin da suka ji sabon sauti ya shigo.

Malama Mai Alli:
Allah ya saka da alheri. Zan sa yara su fara tara marafai daga gobe.