Lemon tsamina na falo yana zubar da ganye, don Allah a ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin shuka ku taimake ni, raina a jagule yake. Haya muke yi a bene a Malali, hawa na biyu, babu filin da za a ajiye ko turmi. Ni kuwa a gidanmu na Tudun Wada da bishiyar lemon tsami muka tashi, Inna ba ta taɓa sayen na kunun gyaɗa ba, har maƙwabta ake aika wa. Da aka zo rabon gado aka sayar da gidan, wanda ya saya ya sare ta ya yi shaguna. Wannan ma zance ne mai zaman kansa, har gobe ba ma ga maciji da babban yayanmu a kai. To da damina ta ɗauke na ga wani ɗan lemo wurin masu fulawa na bakin titi, bai wuce gwiwata ba amma har da 'ya'ya a jiki. Mai sayarwar ya ce irin gajeren nan ne, a falo ma yana rayuwa. Na saya, na sauya masa tukunya mai kyau, na ajiye gefen talabijin. Tunda hunturu ya shigo ganyen ke yin ruwan ɗorawa yana zuba, 'ya'yan duk sun kaɗe. Wallahi ban taɓa fashin ba shi ruwa ba, safe da yamma. Maigida ya ce in jefar. Ya zan yi?

Malam Mai Lambu: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ba mu labarin gado, ba ki faɗi abin da ake buƙata ba. Tukunyar tana da huda a ƙasa? Rana tana taɓa shi? Tun kafin ki amsa na san ruwa ne ke kashe shi. Saiwar lemo tana buƙatar iska, in ta kwana cikin laka sai ta ruɓe, ganye ya yi ɗorawa kamar mai jin ƙishirwa, ke kuma ki ƙara masa ruwa. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, sai kin ji ta bushe sannan ki zuba. Kuma lemo yana son rana ta awa 6 zuwa 8 kullum. Gefen talabijin ba wurinsa ba ne.

Mai tambaya: Malam, tukunyar ba ta da huda, saboda tayil. Ta tangaran ce, da tsada na saye ta, ba zan fasa ta ba. Amma na zuba tsakuwa a ƙasanta. Falon kuma da haske sosai.

Malam Mai Lambu: Tsakuwa ba ƙofa ba ce, ruwan yana nan kwance. Ki mayar da shi bokitin roba mai huda, ki gauraya ƙasar da yashi mai tsakuwa-tsakuwa, ki zura bokitin cikin tangaran ɗin in ado kike so. Haske daban, rana daban.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai masu fulawar nan na daina yarda da su. An taɓa sayar min da lemon zaƙi aka ce mai aure ne, wato wanda aka haɗa reshensa a kan gindin wani lemon, yau shekaru nawa sai ƙaya. Na koma wurin, mutumin ya ce wai ƙaninsa ne ya sayar min. Ga mai gidan hayarmu da ya hana a ajiye ko bokiti a baranda, wai muna ɓata masa fenti, fentin da mu muka yi da kuɗinmu.

Malam Mai Lambu: Maman 'Yan Biyu, naki daga ƙwallo aka shuka, irinsa yana iya cin shekara 7 ko fiye bai yi fure ba. Mai aure yana fara haihuwa cikin shekara 2 zuwa 3. Ana gane shi da ɗan kumburi ko lanƙwasa a jikin gindi, inda aka haɗa. Duk reshen da ya tsiro ƙasa da wurin a cire, na uwar saiwa ne, shi zai cinye na saman.

'Yar Kawo: Anti, ni ban yarda ruwa ba ne. Hunturu ne. Iska ta bushe, ƙura ta rufe ganye. Ki duba bayan ganyen, in kin ga zare-zare siriri kamar na gizo-gizo ko wani farin abu mai danƙo, ƙwari ne. Ki dafa ganyen darbejiya ki tace, ki sa ɗan sabulu kaɗan ki fesa da yamma. Nawa haka na yi masa.

Baban Yara: Yunwa ce kawai. A zuba masa kashin kaji, mako biyu zai yi shar.

Malam Mai Lambu: Kada ki kuskura! Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake, balle saiwar da ta riga ta jigata. Ba a ba marar lafiya tuwon dawa. Sai ya fara sabon toho sannan a ba shi taki, shi ma ɗan kaɗan a gefen tukunya. In tsofaffin ganye ne suka koɗe gaba ɗaya, ƙarancin taki ne. In sababbi ne suka yi ɗorawa jijiyarsu tana kore, sinadarin ƙarfe ne saiwa ta kasa ja, kuma yawan ruwa yana kawo hakan.

Baban Yara: Malam, mu a ƙauye da shi muke noma tun kana makaranta.

Ɗan Barnawa: A Turai da Amurka sanyi ne ke sa su shigar da shi ɗaki, har su kunna masa fitila ta musamman. Mu da rana ke neman kashe mu a watan Maris, me ya kai mu? Kuma da wace wutar za a kunna fitilar? Layinmu tun shekaranjiya babu.

Mai tambaya: Na gode duka. Amma baranda ba zai yiwu ba, nan muke shanya, kuma yaran maƙwabta na hawa su tsinke komai. Ruwan ma ba mai yawa nake zubawa ba, kofi ɗaya ne. Inna kullum sai ta watsa wa tamu ruwan wanke-wanke, ba ta taɓa yin komai ba.

Malam Mai Lambu: Ta Inna a ƙasa take, Hajiya, ruwa yana da wurin zuwa.

Mai tambaya: To zan matsar da shi kusa da taga in gani. Akwai wadda ta ce min ruwan wankin shinkafa yana farfaɗo da shi, gaskiya ne?

Maman 'Yan Biyu: Anti, nawa kika sayi tukunyar? Irinta nake nema wa ƙanwata da za ta tare.