Bormi ko Gombe Abba? Waɗanda suka taɓa zuwa ku ba ni shawara

Bakatsine: Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni Gombe har na zama ɗan gari, amma tarihin ƙasar nan a takarda kawai na san shi. Asabar ɗin nan kaɗai gare ni: in je Bormi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, ko Gombe Abba wajen kabarin Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe? Ƙaramar mota ce, ga damina, ga yara biyu. Kuma sai an nemi izinin mai gari?

Ɗan Funakaye: Malam, hau motar haya zuwa Bajoga, ɗan acaɓa zai ƙarasa da kai Bormi a dubu biyu.

Bakatsine: Na ce da mota nake, da yara.

Maman Hanif: Wace dubu biyu? Tun kafin cire tallafin mai ke nan. Mu dubu shida muka ba shi, har da kuɗin jira.

Baban Sadiƙ: Ku kuna zancen kabarin sarakuna. Ni na mahaifina na je nema a ƙauyenmu bayan na daɗe a Legas. Tsamiyar da nake gane wurin da ita an sare, fasasshiyar tukunyar da muka kafa a kai babu. Gyaɗa na tarar an shuka. Mai gonar ya fito min da takarda, wai sayar masa aka yi. A bakin kunya na tsaya na yi addu'a, ban san inda zan fuskanta ba.

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya jiƙan Baba, ya bi muku haƙƙinku.

Malamin Tarihi: Amin. Bakatsine, Bormi za ka je. Ranar 27 ga Yuli aka gwabza, Manjo Marsh na Turawa ma a yaƙin ya mutu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce gabas har Sudan, garin Mai Wurno na can sunansa ya ci. Gombe Abba kuwa tun 1913 aka ɗauke sarauta zuwa Nafada.

Ɗan Funakaye: Malam, ka taɓa taka wurin ko littafi ke magana? Ruwa ɗaya zai yi, ƙaramar mota ta kwana a laka.

Malamin Tarihi: Kai da ka taka, ai kuɗin acaɓa ma ba ka sani ba.

Sarkin Zolaya: Bakatsine da yawon makabarta! Mu Fulani dai a dawo mana da bawanmu lafiya.

Baban Sadiƙ: Ku yi ta dariya. Tamu ta unguwa ko katanga babu, awaki a kan kaburbura, masu haƙa tsofaffi ne ba albashi, sai abin da masu gawa suka miƙa.

Ɗan Funakaye: Mu an tara kuɗin bulo tun bara, ko tipa ɗaya ta yashi ba mu gani ba. Wa ke riƙe da kuɗin naku?

Bakatsine: Jama'a, maganar mai garin fa?

Maman Hanif: Ai mu ma'ajin kwamitinmu Umara ya tafi.