Maganin baƙin mai zai dawo da kwamfureshan, ko a sauke inji?

Salamu alaikum, iyayen gidana makanikai. Corolla ce mai injin 1ZZ-FE, ta ci kilomita 340,000, tana shan lita ɗaya ta baƙin mai duk kilomita 1,000, ga shuɗin hayaƙi idan an taka totur.

An auna kwamfureshan, wato ƙarfin matsin iska a cikin silinda, da inji da zafi, filogi duk a cire: uku daga cikin silinda huɗun sun ba da 170 psi, silinda mai lamba uku kuwa 125, ƙasa da 145 da Toyota ta ƙayyade. Da aka zuba cokali ɗaya na mai a ramin filoginta, sai ta hau 160. Ke nan ringi ne, ba bawul ba.

Mai motar ya sayo maganin nan mai kauri da ake haɗawa da baƙin mai a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya nace a zuba. A ganina giɓin da ke tsakanin ringi da bangon silinda kawai zai toshe na ɗan lokaci, ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa, kuma ina tsoron kaurin ya hana VVT-i, na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, samun mai da sanyin safiya.

Inda na tsaya: yaya zan gane ringin maƙalewa ya yi da daskararren baƙi, wanda jiƙa fistan zai sake shi, ko bangon silinda ne ya cinye, ba tare da na buɗe kan inji ba? Don Allah a taimaka.